Turakun da Ka Kafa wa Jirgin Sakkwato

Zuwa ga mahaifina, Malam Ummaru mai albasa, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga ubansa, tare da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai mu nan lafiya muke. Inna tana nan da ranta, ƙafa ce kawai ke damunta. Ni kuma ina kasuwar Boɗinga a kan keken ɗinki, ina ɗinka wa manoma riguna, ni da aka haifa a kan fadama. Na san ba a kai wasiƙa inda kake. Na rubuta ne don a karanta a rumfa, waɗanda suka san ka su tuna, waɗanda suka ci gonarka su ji.

Labarin da ke gari shi ne Turawa sun fara ɗaure kaya, wai za su bar mana ƙasarmu. Jirgin ƙasan da ka tsare wa hanya bai zo ba, Baba. Har yau can wajen Gusau ne iyakarsa, kuma ban ji wani ya ba da haƙuri ba.

Ka tuna ranar da Baturen safiyo ya sauka ƙauyenmu, tsakanin Boɗinga da Shagari, da sarƙarsa ta awo da masu ɗaukar masa kaya? Ina saurayi lokacin, ka riga ka nuna mini ɓangaren fadama da zai zama nawa in na yi aure. Tafinta ya tsaya gaban gidan mai gari ya ce za a shimfiɗa dogo daga birnin Sakkwato, ya tsaya Boɗinga, ya tsaya Shagari, ya wuce kudu. Wai mutum zai yi asuba a gidansa, ya sayar da kayansa a birni, ya dawo ya yi la'asar a masallacin ƙauyensu.

Na dubi fuskarka a lokacin. Kai da ka ƙare ƙuruciyarka a bayan jaki, kana kwana a hanya, kana isa birni ka buɗe mangala ka tarar albasar ƙasa ta fara ruwa, dillali ya taya yadda ya ga dama. Ba wanda ya kai ka murna a wurin nan.

Suka kafa turaku sahu biyu, masu jan kai, suka ratsa gonakin mutane. Aka ce tsakanin sahun nan kada fartanya ta taɓa, wanda kuwa ya tumɓuke turke zai yi bayani gaban Di'o, Baturen mulki. Wasu gefen gona kawai aka ci musu. Mu kuwa sahun ya bi ta tsakiyar fadamarmu, ya haɗa da rijiya da jigon da kakana ya kafa, ya bar mana rairayin gefe wanda ko gero da ƙyar yake yi. Bature ya hau dokinsa ya tafi, ba mu sake ganinsa ba.

Damina ba ta juyo ba sai da gara ta cinye turakun Bature. Sai maƙwabtanmu suka ɗauki fartanya. Bana a ƙara kunya ɗaya, baɗi a ƙara wata, har gonakinsu suka haɗe kamar ba a taɓa awo a wurin ba.

Kai kuwa sai ka ɗauki gatari ka shiga daji neman ƙirya, itacen da gara ba ta iya masa. Ka sassaƙe su da gizago, ka dama jar ƙasa da ƙaro ka shafa musu a ka, ka kafa kowanne a ramin na Bature, ba ka goce ko taki ba. Ina riƙe maka kana bugawa. Abin da kake faɗa yana kunnena har yau: "In sunka dawo ba su iske alama ba, sai su karkata hanya, jirgi shi bi wani gari, mu koma bayan jaki har mutuwa."

Inna takan ce, "Malam, gara ma ta gane zancen ga, kai ɗai na ba ka gane ba." Sai ka yi murmushi ka ce mata ita za a fara sakawa a jirgin, ta je birni ta ga 'yar'uwarta. A dandali kuwa suna suka sa maka, Sarkin Tasha. In ka wuce a ce, Sarkin Tasha, yaushe jirgi zai taso? Kana amsawa da fara'a, ni kuwa kamar in nutse.

Shekaru suka yi ta wucewa, ciyawa ta rufe fangulan albasa, bakin rijiya ya zube. Muna kallon fadamarmu muna cin tuwon da ba ya kai mu safe. Maganar aurena ta lalace, don ba uban da zai ba da 'yarsa ga mai gonar da ba a nomawa. A nan ne na bar gida na zo koyon ɗinki, ba don ina so ba.

Sai ranar da mai gari ya aiko a kira ka, na zo gida gaishe ku, na bi bayanka. Ka san al'adar kamar kowa: gonar da ta daɗe ba a sa mata fartanya ba, hannun mai gari take komawa, ya ba wanda zai noma. Ka tuɓe takalmi tun daga nesa, ka durƙusa, ka ce, "Ranka shi daɗe, umurni na bi." Tambaya ɗaya ya yi maka: wa ya kafa turakun da ke tsaye, Bature ko kai? Da ka ce kai ne, sai ya ce to kai da hannunka ka ba Gwamna wurin, Gwamna bai so ba, ya dawo hannun mai gari. Kafin ruwa ya sauka an ba Bawa, surukin mai gari.

Ba wanda ya kira maƙwabtan da suka take umurnin. Me za a tuhume su da shi? Babu alama a gonakinsu. A duk faɗin hanyar jirgin nan, daga Boɗinga har Shagari, gona ɗaya ce ke da shaidar an bar ta, kuma mai ita ne ya sassaƙa shaidar.

Wannan ne ke ci mini rai, Baba. Ina jin haushin Baturen da ya zo ya auna cikin mutane ya tafi, bai ko aiko a ce an fasa ba. Ina jin haushin mai gari, wanda da bakinsa ya sanar da umurnin, da bakinsa kuma ya hukunta wanda ya bi shi. Kai ma na ji haushinka, na daɗe ina ji, ba zan ɓoye maka ba.

Amma na ga yadda ka dawo gida ran nan. Ka ɗauki gizagon ka aika wa maƙeri kyauta, ba ka ƙara ambatar jirgi ba har ka koma ga Allah. Sai da na manyanta na gane ba don Bature ka yi ba. Bayana kake ji wa, kada ya rankwafa a hanyar birni yadda naka ya rankwafa.

Ran kasuwar Shagari da ta wuce na hau babbar mota, na ce a sauke ni daidai ƙauyenmu. Bawa ya rasu, ɗansa Garba ke noman wurin, bai kuma san ni ba. Albasa ta yi kyau, Baba, irin wadda kake so, manya masu jan baya. Ya yi mini maraba irin ta baƙo, ya tumɓuko mini wasu ya ce in ɗanɗana, wai gadon ubansa ne.

Turakunka suna nan tsaye. Jan ya wanke, amma ko ɗaya bai ruɓe ba. A jikin na kusa da rijiya ya ɗaure jakinsa, jakin da zai kai albasar birni. Da ya ga ina shafa turken sai ya ce, "Tun ina ƙarami nike ganin su. Wanda yas sassaƙa su ya san aikinai, Allah shi yi mai albarka." Na ce amin. Na karɓi albasar na kawo wa Inna, ban gaya mata daga inda ta fito ba. Ta yanka ɗaya ta sansana, ta ajiye wuƙar.

Allah ya jiƙanka, Baba. Allah ya yalwata maka makwanci, ya ba ka gonar da babu mai auna ta, babu mai karɓe ta. Waɗanda suka yi maka alkawari suka tafi, da waɗanda suka zauna suka ci, na bar su da wanda ba ya mantuwa.

Ni ne ɗanka,
Abdu tela, wanda har yau ake kira ɗan Sarkin Tasha.