Auta da Malama Sannu-Sannu

Litinin, 3 ga Fabrairu
Ina tsakiyar aiki a ɗakin haihuwa aka kira ni daga makarantar su Auta. Wai ya fasa wa wani yaro baki a aji. Karo na uku ke nan a zangon nan. Na bar wa abokiyar aikina mai naƙuda, na tafi da farar rigata ko canzawa ban yi ba.

Na ce wa shugaban makarantar, ranka ya daɗe, ga shi nan, a zane shi a gabana a wuce wurin. Sai ya cire tabarau ya ce, "Sau biyu ana zane shi, Maman Auta. Me ya canza?" Wai yanzu ɗayan biyu ne, ko kora, ko zama da malamar ba da shawara duk Alhamis. Kuma har da ni za a zauna. Ni! Ni na fasa bakin?

Laraba, 5 ga Fabrairu
Na tambayi Auta abin da ya haɗa su. Ya tsaya yana "sh-sh-shi ne", na ce na sani, tsokanarka ya yi, kai kuma ga zuciya irin ta ubanka. Ya shige ɗaki. In ransa ya ɓaci in'inar nan tasa ƙaruwa take, ni kuwa ga wanki ga girki.

Alhamis, 6 ga Fabrairu
Mun je. Wani ɗan ɗaki ne a bayan ɗakin karatu, kujeru uku da fanka mai ƙara. Malamar ba ta wuce sa'ar babbar 'yata ba. Magana sannu-sannu kamar mai lallaɓa jariri, shi ya sa na raɗa mata Malama Sannu-Sannu.

Da za mu tashi ta ce, "Mama, duk tambayar da na yi wa Auta ke kika amsa." Na ce ai ɗana ne, na san abin da zai ce. Ta ce ita daga bakinsa take son ji, ko da zai kai su la'asar.

Yarinyar da aka haifa jiya ce za ta koya min zama da ɗana.

Asabar, 8 ga Fabrairu
Ba zan koma ba.

Litinin, 10 ga Fabrairu
Na je karɓar takardar canjin makaranta. Shugaba bai yi musu ba, ya ce zai ba ni, amma in tuna jarrabawa ta matso, kuma in zauna in ji abin da suka gano. Ashe duk ranar da aka sa Auta karatu a gaban aji, 'yan kujerar baya kwaikwayonsa suke yi, har da buga tebur. Malamin ma in ya gaji da jira sai ya ce, "Zauna, na gaba." Shugaba ya ce ya yi magana da malamin, yaran kuma da iyayensu su ma suna zuwa ɗan ɗakin nan ranar Talata. "Ba ɗanki kaɗai muke gyarawa ba."

Shekara guda ana wannan, Auta bai taɓa gaya min ba.

Ban karɓi takardar ba. Sauri nake yi, shi ke nan.

Alhamis, 13 ga Fabrairu
Na koma, saboda jarrabawa kawai. Sharaɗin Sannu-Sannu: yau bakina a rufe. Na zauna ina kallon fanka, hannuna har ƙaiƙayi yake. Auta ya yi ta fama da kalma ɗaya, ita malamar ko gezau, ta yi tagumi tana jiransa kamar ba ta da wani aiki a duniya.

Can ta tambaye shi me ya sa bai faɗa a gida ba. Da ƙyar ya ce, "In na f-fara, Umma ce ke gamawa. Kuma b-ba shi nake son faɗa ba."

'Ya'ya uku na raina ni kaɗai tun da ubansu ya rasu, da aikin safe da na kwana. Ba wanda ya isa ya sa na sunkuyar da kai. Muka kama hanyar gida.

Talata, 18 ga Fabrairu
Wayar makaranta kuma. Na ce shi ke nan an kore shi. Ashe Shugaba ne da kansa, wai wani yaro ya sake kwaikwayon Auta, shi kuwa ya tashi ya fita, ya tafi wurin malamar ya zauna har ya huce. Bai taɓa kowa ba. Shugaba sai yabon malamarsa yake. Na ce tarbiyyar gida ce dai. Ya yi dariya ya ce, "Har da ita."

Litinin, 24 ga Fabrairu
Da safe na makara, jaka a kafaɗa, mukulli a hannu, sai ga Auta a bakin ƙofa. "Umma, r-r-ranar..." Na san ƙwallon ranar Asabar zai ce, "je ka" har ta zo bakina. Ban san me ya riƙe ni ba. Na jingina da ƙofa. Ya yi ta kokawa da kalmar, jijiyar wuyansa ta miƙe, mai babur ɗin da zai kai ni aiki yana ta min oda a waje.

Ba ƙwallo ba ne. Ranar Alhamis shi zai karanta sanarwa a taron safe, gaban makaranta gaba ɗaya. Shi ya nema da kansa. Yana tambaya ko zan zo.

Na sha faɗan makara a wurin aiki. Na roƙi a musanya min aikin Alhamis, na ce wani uzuri ne na gida. Baya zan tsaya, kusa da ƙofa, kada Sannu-Sannu ta gan ni ta ɗauka wani abu ne.