Haƙorin Ladi Ya Fito

Ɗana Bulus,

Haƙorin Ladi ya fito! Na gaba ne, fari tas. To, yanzu sai gaisuwa. Yaya aiki, yaya Fatakwal, yaya jikin matarka Saratu? Mu nan lafiya lau, gero ya yi kyau.

Ka san tun da haƙoranta suka ruɓe aka cire biyu, 'yarka ta daina dariya, don yara suna kiranta Wawulo. Innarka ta ce ƙadangare ne ya ga giɓin, shi ya sa sabo ya ƙi fitowa. Malamar asibitin da ta zo ajinmu na yamma kuwa ta ce zai fito, amma in ba a rage zaƙi ba shi ma ruɓewa zai yi. Sai muka daina sa sukari a kokonta. Yanzu nono take sha, ta ci dafaffen ƙwai da kwaɗon zogale, ta tauna karas ko gyaɗa, sannan ta yi aswaki.

Jiya ta wage mini baki ta ce, "Tsoho, nawa ya fito, naka fa?" Na ce nawa sun tafi ke nan. Innarka dai har yanzu korar ƙadangaru take yi.

Don Allah ka daina aiko mata alewa, ka aiko busasshen kifi. Ku sa mu a addu'a, ka gai da mutanen gida. Da Kirsimeti ku zo dukanku ku gani, yanzu bakin ba ya rufuwa.

Mahaifinka,
Tanko