Rumen a Bayan Gilashi

Bulgariya, ranar Litinin

Zuwa ga Mamana,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Ya iskar garin naku, Esbjerg? Tunda kunnenki ba ya shiri da waya, zan riƙa turo wa 'yar'uwata Rikke saƙo ta buga miki da manyan baƙaƙe ta kawo.

Mun iso lafiya ni da mijina Troels. Mama, na ga Rumen, yaron da za mu ɗauka ya zama ɗanmu. Amma gani kawai na yi, don haka kada ki yi saurin taya ni murna, in ma kina da niyya.

Da safe tafintarmu, wata yarinya mai suna Desislava, ta kai mu gidan marayun. Shugabar gidan, Dakta Koleva, ta tare mu a bakin ƙofa, ko zama ba ta ce mu yi ba. Wai ƙarambau ya ɓarke a ɗakin yaran tun makon jiya, Rumen ma ya kamu, kuma ba baƙon da zai shiga sai wanda ya taɓa yi. Nan take Troels ya ɗage gashinsa ya nuna mata tabon goshinsa. Ta juyo kaina. Ni kuwa da shegen bakin gaskiyata na ce ban sani ba.

Na ce mata, "Shekara shida nake jiran wannan ƙofar." Ta ce, "To jira bai kashe ki ba. Ƙarambau a jikin babba yana iya."

Haka Troels ya shige da ƙaramar motar wasan da ni na zaɓo, ni kuma aka zagaya da ni bayan gini, aka tsayar da ni cikin taɓo a gindin taga. Ya fi hotonsa ƙanƙanta, Mama, ba za ki ce ya kai shekara uku ba. An yi masa aski ƙwal, kunnuwa kamar hannun kofi, jiki duk ɗigo-ɗigon farin magani. Ko sau ɗaya bai dubi tagar ba.

Ga abin da nake roƙo. Ni ce na yi ƙarambau muna yara, ko Rikke? Ranar Juma'a ziyarar za ta ƙare, kuma dole a shaida an gan mu tare da yaron, mu biyun. In ba haka ba sai mun sake dawowa, kuma kafin nan wa'adin da aka ba mu zai iya wucewa a miƙa yaron ga wasu. Na san ba ki so wannan lamari ba. Ban manta abin da kika faɗa ranar Kirsimeti a gaban kowa ba, cewa ɗan da ba a san jininsa ba baƙo ne har abada. Ba ra'ayinki nake nema yanzu ba. Ki tuna kawai.

'Yarki,
Pernille

Ranar Laraba

Mama,

Ina gaishe ki, da fatan kin tashi lafiya. Ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi yadda likita ya ce.

Amsarki ta iso. "Ɗaya daga cikinku ce dai." Haba Mama! Mu biyu kacal kika haifa! Na karanta wa Troels, ya yi dariya, saura kaɗan in jefe shi da takalmi.

Jiya na je asibiti aka ɗebi jinina. Sakamako sai mako mai zuwa, lokacin muna gida. Na roƙa, na ɗaga murya, har na yi kuka a gaban wani mutum mai cin burodinsa a bayan kanta. Ya jira na gama, ya ce wa Desislava, "Ce mata sai mako mai zuwa."

Kullum ina gindin tagar nan. Takalmina ya lalace. Sauran yaran sun gano ni, suna ɗarewa kan benci suna manna hanci a gilashi suna kiran "mama, mama," domin a wurinsu duk macen da ta zo daga waje mama ce. Rumen kaɗai ba ya zuwa. Yana can kan cinyar mijina yana ja masa gemu. Yau na kasa daurewa na ƙwanƙwasa gilashin da ƙarfi. Ya firgita ya fashe da kuka, mai renonsu ta harare ni ta ja labule. Karon farko da ɗana ya kalli fuskata ke nan, kuma abin da na yi masa ke nan.

Troels kuma in ya fito ba ya rufe baki. "Kin san ya ci ayaba a hannuna? Kin san yana tsoron takalmi mai ƙara?" Yana ƙanshin sabulun yaron yana zuba. Wajen cin abincin rana na ce masa, "To ka tafi da shi kai kaɗai mana, tunda kun daidaita." Ya ajiye cokali ya ce, "Pernille, so kike in tsaya a taɓo tare da ke, yaron ya rasa mu duka?" Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ƙona mini rai. Har yanzu ba ma magana.

Akwai abin da ba zan iya gaya masa ba. Na ɗauka ina ganin yaron nan zuciyata za ta narke. Ina kallonsa ta gilashi ba abin da nake ji sai haushi da sanyin ƙafa. In ke ce kike da gaskiya fa?

Taki,
Pernille

Ranar Juma'a

Mamana,

Gaisuwa da godiya. Saƙonki ya zo jiya da safe: "Na tuna sarai. Pernille ce, tana shekara biyar, har safa na sa mata a hannu don kada ta sosa." Ko karin kumallo ban ƙarasa ba. Desislava ta fassara wa Dakta Koleva. Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau, sannan ta ce, "Uwa ba ta mance irin wannan," ta matsa daga ƙofa.

Kada ki zaci ya rugo ya rungume ni. Ɓuya ya yi a bayan ƙafar Troels, ya gane mai dukan gilashi. Jiya haka muka ƙare, ina zaune a ƙasa kamar kayan da aka manta.

Yau ƙaiƙayi ya dame shi. Yana ta miƙa hannu baya ya kasa kaiwa, Troels ya fita neman ruwa. Sai ya dube ni, ya taho, ya kama hannuna kamar mai ɗaukar cokali, ya cusa shi cikin rigarsa. Ba so ba ne, Mama, aiki ya ba ni. Na yi ta shafa masa a hankali. Bayansa zafi rau, ƙasusuwan ana iya ƙirgawa. Can sai na ji ya yi nauyi, ya yi barci, kansa a kan gwiwata, yawu na zuba a wandona. Ƙafata ta mutu ban motsa ba.

Sai aka ce lokaci ya yi. Mai reno ta ɗauke shi yana barci, ban ma yi masa sallama ba. Mun sa hannu mun amince za mu ɗauke shi. Yanzu wai mu koma gida mu jira kotu, watanni, ba wanda ya san nawa. A nuna wa yaro iyaye na mako guda sannan a kwashe su, wane mai hankali ne ya tsara wannan?

Gobe za mu taso.

'Yarki,
Pernille

Gida, Aarhus, bayan mako uku

Mama,

Ina gaishe ki. Ina fata ke kina lafiya, domin ni dai ba na lafiya.

Daga gado nake rubuto miki. Ƙarambau ne. Har cikin bakina, har tsakiyar kai, har wuraren da ba zan rubuta ba tunda Rikke ce mai bugawa. Na kwana biyu a asibiti saboda zazzaɓi. Likitan ya ce, "Shekara arba'in da ɗaya, wa ya ce miki kin taɓa yi?" Na ce uwata. Troels ne ke shafa mini magani, yana cije leɓe don kada ya yi dariya.

Rikke ta zo jiya, ta tsaya a bakin ƙofa, na matsa mata har ta faɗa. Ita ce ta yi ƙarambau muna yara, ba ni ba. Ni kuwa a waccan bazarar kin tura ni wurin Kaka a tsibirin Fanø, musamman don kada in ɗauka. Ta ce ranar da wasiƙata ta Laraba ta zo kina gama karantawa kika ce ta ɗauko biro. Ta ce miki, "Mama, ai wannan ƙarya ce." Kika ce, "Rubuta dai. Ƙuraje suna warkewa."

Da kin kashe ni fa? Kin yi tunanin wannan? Har da ƙirƙiro safa!

Daga kotu shiru. An ce watakila kafin sanyi ya shigo, watakila bayansa. Na kira ofishin da ke kula da maganarmu har sun gane muryata suna ba ni haƙuri tun kafin in gaisa. Rumen ya warke, an turo hoto, gashinsa ya fara tohowa. Ban sani ba ko zai tuna ni.

Ina so in yi fushi da ke sosai, kuma ina ƙoƙari. Amma duk ƙurjin da ya ishe ni da ƙaiƙayi sai in tuna a bayan wa na ɗauko shi, fushin ya ƙi zama.

Rikke ta ce kina son zuwa duba ni ranar Lahadi. Ki zo, ki taho da miyar kazar nan taki. Amma sai kin kawo shaidar likita cewa ke kin taɓa yi. Maganar bakinki ba ta shiga gidan nan kuma.

'Yarki mai ƙaunarki,
Pernille