Ƙorafi kan Maidoki da Injinsa na "Duk 'Ya'yan Itace"

Zuwa ga: Mai Girma Magajin Garin Filinge, Jihar Tilaberi.
Daga: Tahiru Haske, tela, mazaunin Filinge.
Ranar Litinin, 4 ga Maris, 2024.

Game da: Injin matse 'ya'yan itace da wani Maidoki yake sayarwa a kasuwar Lahadi, da raunin da ya yi wa iyalina.

Ranka ya daɗe,

Maidoki, mai rumfar kayan wuta a layin masu kwanuka, maƙaryaci ne, kuma ƙaryarsa ta zubar da jini a gidana. Na fara da wannan ne don kada ya ɓace a cikin gaisuwa. Bayan haka, ina gaishe ka da aiki, ina roƙon ka duba abubuwan da ke biye.

1. Yayata Kulu tana zaune a wurina. Ta tsufa, babu haƙori ko ɗaya a bakinta, ga hawan jini. Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitinmu, ya ce a riƙa ba ta ruwan 'ya'yan itace da na kayan lambu, tunda ba ta iya tauna. Wannan ne ya kai ni rumfar Maidoki ranar Lahadi, 25 ga Fabrairu. Na tarar da shi sanye da baƙin tabarau a cikin inuwa, ya tara jama'a, yana jefa yankan kankana a cikin inji, ruwa yana zuba a kofi, mutane suna salati. Kankana, ranka ya daɗe! Abin da Kulu ma take iya matsewa da dasashinta.

2. Yana nuna wasu kalmomi biyu na Faransanci a jikin kwalin, yana shelar cewa ma'anarsu ita ce duk 'ya'yan itace. Hotunan kwalin kuwa tuffa ne da inabi da lemu. Ka fi ni sanin ƙasarmu ta Kurfai. Idan ka ce wa mutumin ƙasar nan 'ya'yan itace, ba inabi zai zo masa a rai ba. Goruba zai tuna, da aduwa, da magarya, da kanya. Su muke da su, kuma kowanne da ƙwallonsa a ciki. Maidoki ɗan ƙasar nan ne, da goruba ya ƙare haƙoransa na yarinta. Ya san abin da muke ji idan ya faɗi kalmar.

3. Duk da haka ban saya a makance ba. Na tambaye shi a fili, gaban shaidu, ko injin yana cin goruba, domin ruwanta Kulu ta fi so. Ya yi dariya, ya kira ni tsohon zamani, ya ce ko tsakuwa na zuba zai fitar mini da ruwa. Ya rantse da kabarin mahaifinsa. Daga baya na bincika, mahaifin nasa yana nan da ransa a Damana.

4. Ranar Talata, 27 ga Fabrairu, da hantsi, matata Lantana ta wanke goruba, ta zuba, ta kunna, kamar yadda aka gaya mana. Murfin ya tarwatse. Guntun wuƙar injin ya tashi ya tsaga mata fatar idon hagu. An yi mata ɗinki. Majo ya ce ba za a san ko idon zai gani ba sai kumburin ya sauka, kuma mai yiwuwa sai an kai ta Yamai. Matar nan ita ke sa mini zare a allura tun da ganina ya ragu. Yanzu tana kwance da ƙyalle a fuska, Kulu tana zaune a gefenta tana kuka, wai kwaɗayinta ne ya jawo. Ba kwaɗayin Kulu ba ne.

5. Jiya Lahadi, 3 ga Maris, na koma da ɓaraguzan injin a cikin buhu. Ban sami fili nan da nan ba, domin wani ya riga ni. Maidawa ne, manomi daga wani ƙauye a hanyar Sanam, cikin masu bin addinin kakanni. Shi ma nasa ya fashe, da aduwa. Da kunnena na ji Maidoki yana gaya masa cewa iskokin gidansu ne ba sa son ƙarfen Turawa, ya je ya yanka musu jan zakara, sannan ya dawo ya sayi sabo. Da aka zo kaina, ya dubi hulata da carbina, ya ce ƙaddara ce, kuma ƙila iyalina ba ta yi bisimilla ba. Ni da Maidawa ba alƙiblarmu ɗaya ba, amma a nan bakinmu ɗaya: wanda ya ɗora wa iskoki laifi a gaban wannan, ya ɗora wa Allah a gaban wancan, ba shi da addinin da ya wuce aljihunsa.

6. Abin da mai mutunci zai faɗa wa mai saye bai fi numfashi ɗaya ba: injin nan na kayan ruwa ne, kankana, lemu, karas, tumatir, gwaba, a fere, a yanka ƙanana, a cire ƙwallo, busasshen abu kuwa turmi da jiƙo da rariya ne maganinsa, yadda iyayenmu suke yi. Bai faɗa ba, domin ya san idan ya faɗa, rabin masu sayen za su juya.

7. Azumi ya kawo kai, kowane gida yana neman abin buɗa-baki. Maidoki ya yi shelar cewa zai kai sauran kwalayensa kasuwannin Bonkuku da Damana. A can lemu baƙo ne, goruba ce 'yar gida. Wata Lantana tana can tana wanke gorubarta.

Ranka ya daɗe, ban zo neman a mayar mini da abin da na biya ba, kuma babu hukuncin da zai warkar da ido. Ina roƙo cikin ladabi, da girmama kujerarka, a aika wakilan kasuwa kafin Lahadi mai zuwa, a hana kwalayen nan barin gari, a kuma sa mai shela ya faɗa da Hausa da Zabarmanci cewa kada kowa ya zuba abu mai ƙwallo a injin da ya riga ya saya. Allah Ya ƙara maka lafiya da adalci.

Shi kuwa Maidoki, hukuncinsa mai sauƙi ne. Ranar kasuwa a kai shi tsakiyar fili da injinsa. Jama'a su ja baya. A cire masa tabaran, a ba shi goruba uku, ya zuba, ya sunkuya ya kunna da hannunsa. Idan ya ƙi, ya amsa laifinsa ke nan: a rufe rumfar, a kore shi daga kasuwar.

Gorubar ni zan kawo.

Naka mai biyayya,
Tahiru Haske