Hasken da Na Ce Na Gani

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Inna da yaran da na bar miki. Ya ƙarin haƙurinmu? Jiya Baban yara ya cika wata bakwai da rasuwa, Allah Ya jiƙan sa.

Ni ƙalau nake. Ina aikin gugata, ran Talata kuma in je asibitin ido. Ba zafi, Yaya. 'Yar waya suke manna min a fatar ido, su sako lantarki kaɗan, wai ya farfaɗo da jijiyar. Ma'aikaciyar tana murɗa maɓalli, ni kuma da haske ya gilma min sai in ce na gani. Da farko tana taɓawa nake gani. Yanzu sai ta yi ta murɗawa.

Talatar nan ta murɗa har ta ɗago ta dube ni. Mai kirki ce, ta sha wahala a kaina. Kunya ta kama ni, na ce na gani. Ta yi murmushi, ta rubuta. Yaya, ban ga komai ba.

Kin tuna yadda ciwon idon Baba ya fara, yana tuntuɓe da buta yana yi mana faɗa? Riga biyu na ƙona a makon nan, na ce laifin dutsen gugar ne.

Don Allah ki aiko min hoton marigayi mijina, babban nan, da na yara. Kada ki jira mai tahowa, ki kai gidan waya gobe.

Ki ce wa Inna ina samun sauƙi.

Ƙanwarki.