Sallama a Bakin Kogo

Daren Laraba, masaukina a Gwaram

Barci ya ƙi zuwa. An ce mini duwatsun Birnin Kudu lafiya lau ne ga mai yawo shi kaɗai, kuma haka na tarar. Da hantsi na hau kogon da mutanen dā suka zana shanu. Baki ya saba, ina sa ƙafa na yi sallama. Wallahi aka amsa, muryar tsohuwa, har da "sannu da hanya".

Na leƙa ko'ina, ba kowa. Dattijon da ke gadin wurin ya ce, "Malam, inda ba mutum, wa kake yi wa sallama? Kai ka kira, aka amsa maka."

Ɗazu na daɗe tsaye a ƙofar ɗakin nan. Tunda nake, yau na fara shiga ɗaki bakina a rufe.