Burtalinmu Yana Cikin Wayar Mamaci

Zuwa ga Mai Girma Sakataren Ƙaramar Hukumarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata.

Ni makiyayi ne, ina kuma ɗan taɓa noma. Kuka na kawo, amma ban zo zagin kowa ba.

Na ɗaya. Bara waccan, gab da damina, muka samu saɓani da manoma a kan burtalin da shanunmu ke bi zuwa tafki. Ofishinku ya turo Malam Sabo, malamin gona. A babur ɗinsa ya zo, da mansa. Ya taka burtalin da ƙafa, ya sa aka dasa cini-da-zugu a iyaka, kowa ya yarda. Da muka nemi takarda ya ce babu wuta a ofis, sai ya karanto hukuncin da bakinsa, ya turo mana muryar ta WhatsApp. Damina biyu ko kara ba a taka wa kowa ba.

Na biyu. Malam Sabo ya rasu bayan sallar layya, Allah ya jiƙansa. Wayarsa ta shiga rabon gado tare da babur da riguna. Wanda ta faɗo wa ya goge komai, ya sayar da ita a kasuwar Gwiwa. Ban ga laifinsa ba, maraya ne, kuma wayar ubansa ce.

Na uku. Yanzu an sayar da gonar da ke bakin burtalin. Sabon mai ita ya tuge shingen, ya ce a nuna masa shaida. Na je ofis na kunna wa sabon jami'i muryar. Ya gane ta, har idonsa ya ciko, amma ya ce fayil babu komai. Gaskiyarsa ce. Ni kuwa raina ya ɓaci, don aikin hukuma ne aka raba a gado.

Ranka ya daɗe, na san ma'aikatanku da katin wayarsu suke mana aiki. Amma hadari ya fara haɗuwa, shanu kuma ba su san fayil ba. In aka rufe burtalin, ta cikin shuka za su bi, ka kuwa san abin da ke biyo baya.

Roƙona biyu ne. A kafa doka: duk hukuncin da jami'i ya aika ta waya, a rubuta shi, a buga hatimi, a ajiye a ofis. Sannan a turo wanda zai kwafi wannan murya a gaban mai gari da manoman.

A wayata kaɗai ta rage. Batirinta ya kumbura, da roba na ɗaure ta. Ku zo ku karɓa kafin ta bi Malam Sabo.

Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Jauro Bello,
daga wata ruga a ƙasar Kazaure.